Jagorar Nuna wa Ƙananan Yara Zanen Jarumi da Dodo ta Ƙofar Labarin Bayajidda

Sababbin malaman firamare da na azuzuwan share fage a Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura sukan faɗa cikin kurakurai iri ɗaya duk lokacin da suka ɗauko wani tsohon zane domin su nuna wa yara, kuma yawan maimaituwar kurakuran ne ya sa aka tsara wannan jagora. Na farko shi ne malami ya ɗaga takarda ya shiga zuba bayani tun yara ba su gama sauke ido a kanta ba, ya faɗi sunan mai zanen da garinsu da shekarar da ya yi aikin, sannan ya ce a maimaita a bayansa kamar ana hadda. Na biyu ya fi wannan illa, wato a bar yaro ya tashi da zaton cewa abin da ya gani hoton abin da ya faru ne, alhali mai zanen bai taɓa ganin mutanen da ya zana ba. Harshen ma yana taya wannan ruɗani, domin kalmar hoto a bakin Bahaushe ta haɗa wanda kyamara ta ɗauka da wanda hannu ya zana, kuma yaron da ya taso yana jin ana cewa gani ya kori ji ba zai yi wa idonsa gardama ba.

Irin labarin da jagorar ta shafa shi ne wanda masana adabin Hausa ke kira tarihihi, wato labarin da ya jingina da mutane da garuruwa na gaskiya amma baki ya yi ta ƙara masa gishiri tsawon zamani, har ya zama da wuya a tsame abin da ya faru daga abin da aka ƙaga. Ya bambanta da tatsuniya, wadda mai ba da ita da mai sauraro duk sun san ƙirƙira ce tun daga buɗewa har zuwa ƙurunƙus, ya kuma bambanta da tarihi, wanda ake nema wa hujja. Tarihihin da ya fi kusa da yaran wannan yanki shi ne na Bayajidda da macijiyar rijiyar Kusugu, tun da hanyar da ta taso daga Kano ta ratsa Kazaure ita ce ke kaiwa Daura, kuma a cikin iyaye da kakanni akwai waɗanda suka je rijiyar suka sha ruwanta.

Zanen da aka ɗauka misali shi ne na Jirjis da dodo, wanda Paolo Uccello, mutumin birnin Fulorans na Italiya da ya rayu daga 1397 zuwa 1475, ya zana da fentin mai wajen shekarar 1470, kuma yana ajiye a gidan zane-zane na National Gallery da ke Landan. Dalilin zaɓensa shi ne ƙashin labarinsa ya yi kama da na Bayajidda matuƙa: baƙo a kan doki, dabba mai ban tsoro da ta addabi gari daga wurin ruwa, da mace 'yar gidan sarauta. Yaron Gwiwa ko na Babura yana zuwa gaban wannan zane da mabuɗinsa a hannu, abin da malami zai yi kawai shi ne kada ya ƙwace masa shi.

Abubuwan da ake bukata

Abu na farko shi ne kwafin zanen mai launi a babbar takarda, girman A3 ko fiye. Ainihin zanen ba babba ba ne, faɗinsa kimanin santimita 74 ne, tsayinsa kimanin 56, don haka takardar A3 ta ɗan haura rabinsa a faɗi, kuma hakan ya isa ƙaramin rukuni. Ana samun hotonsa a shafin intanet na gidan da ke ajiye da shi, a kai shagon buga takardu a fitar. Yana da kyau a yi masa laminatin, wato a manne shi cikin leda mai kauri, domin hannun yara da ƙurar hunturu suna kashe takarda cikin mako ɗaya, sai dai ledar tana ƙyalli, saboda haka ba a kafa shi yana fuskantar taga ko ƙofa. Kwafin baƙi da fari bai da amfani a nan, domin koren dodo da farin doki da jan jini su ne abin da idon yaro ke fara kamawa. Nuna zanen a fuskar waya shi ma kuskure ne da aka saba yi: fuskar ta yi ƙanƙanta, yara suna turereniya a kanta, kuma a tunaninsu duk abin da ya fito a waya ɗan'uwan fim ne ko hoton biki, wato dai ruɗanin da ake son kaucewa.

Sauran kayan masu sauƙi ne: ƙyalle na rufe zanen kafin lokacin buɗe shi, tabarma, kwalaye da aka yanka ko takardu marasa layi, gawayi, alli, jar ƙasa da farar ƙasa da bula da aka dama daban-daban a murafan gwangwani marasa kaifi, tsinkayen da aka tauna bakinsu ko gashin kaza na shafa launi, da ruwa da sabulu. Yaran da suka fi dacewa su ne 'yan shekara 5 zuwa 9, a rukunin da bai wuce 12 ba. Ajin da ya cika maƙil sai a raba shi, domin yaron da ke layin baya ba ya ganin komai sai ƙeyar na gabansa.

Mataki na 1: Malami ya zauna da zanen shi kaɗai

Kafin ranar darasi, malami ya ware lokaci ya dubi zanen har ya iya kwatanta shi ido a rufe, saboda wanda bai san inda kowane abu yake ba zai riƙa katse yara yana gyara musu abin da suka gani daidai. A hannun dama akwai matashi cikin sulke a kan farin doki da ya ɗaga ƙafafun gaba, ya miƙa dogon mashi ya soki dodon a ka, jini yana zuba daga bakinsa zuwa ƙasa. Dodon kore ne, ƙafafunsa biyu, fukafukansa irin na jemage ɗauke da zagayayyun tabo. A hannun hagu 'yar sarki ce a tsaye, fuskarta babu alamar firgita, tana riƙe da siririyar igiya da ke ɗaure a wuyan dodon. Bayansu kogon dutse ne, bayan mahayin kuwa hadari ne da ya nannaɗe kamar guguwa daidai inda mashin ya taso, ga jinjirin wata a sama, ga ciyawa a ƙasa kashi-kashi kamar an yanka ta da ma'auni.

Haka kuma ya san labaran biyu sosai. Labarin Jirjis, wanda Turawa ke kira George, ya shahara ne ta littafin Legenda Aurea da Jacobus de Voragine ya tattara da Latinanci a shekarun 1260. A can an ce dodo ya zauna a wani tafki kusa da birnin Silene a ƙasar Libiya, numfashinsa yana sa wa mutane guba, suna ba shi tumaki biyu kullum, da tumaki suka yi ƙaranci aka koma jefa ƙuri'a a kan 'ya'yan gari har ta faɗa kan 'yar sarki. Jirjis ya zo wucewa ya soki dodon, ya ce wa yarinyar ta ɗaura masa ɗamararta a wuya, ta ja shi zuwa cikin gari yana bin ta. Ana cewa an kashe Jirjis a farkon ƙarni na 4, labarin dodo kuwa bai haɗu da sunansa ba sai wajen ƙarni na 11, kuma wannan tazara ita kanta misali ce ta yadda tarihihi ke girma.

Na Bayajidda kuwa, ruwayar da ta fi yaɗuwa ta ce ya taso daga Bagadaza ya sauka Barno ya auri 'yar Mai, wato sarkin ƙasar, ya gudo yamma ya bar matarsa a Garun Gabas ta ƙasar Haɗeja inda ta haifi Biram, maƙeran Gaya suka ƙera masa wuƙa, ya iso Daura da dare ya sauka gidan tsohuwa Ayana. Da ya nemi ruwa aka ce macijiyar da ake kira Sarki ba ta bari a ɗiba sai ranar Juma'a, ya tafi rijiyar ya sare mata kai, daga baya ya auri sarauniya Daurama ta haifi Bawo, wanda 'ya'yansa shida tare da Biram ake jingina musu Hausa Bakwai. Lissafin da aka yi daga littafin Tarihin Kano yana kai farkon mulkin Bagauda ɗan Bawo zuwa shekarar 999, don haka zamanin da ake jingina wa labarin bai yi nisa da lokacin da labarin dodo ya manne wa Jirjis ba.

Mataki na 2: A nemi yardar shugaban makaranta da iyaye

Wannan mataki ne da sababbin malamai suka fi tsallakewa, kuma shi ne ya fi jawo a rufe darasin gaba ɗaya. Abubuwa biyu ne ya wajaba a faɗa a fili tun da wuri. Na ɗaya, zanen yana ɗauke da surar mutane da dabbobi, malaman Musulunci kuwa sun yi doguwar magana kan hukuncin surar abu mai rai kuma fahimtarsu ba ɗaya ba ce, saboda haka akwai gidajen da ba za su so ba, kuma haƙƙinsu ne a ji ta bakinsu. Na biyu, Jirjis waliyyi ne a wurin Kiristoci, kuma labarin dodon a Legenda Aurea ya ƙare da mutanen garin sun karɓi addinin Kirista, ko da yake zanen bai nuna wannan ɓangare ba. Sunansa ya zo a littafin tarihin Ɗabari, amma abin da ke can labarin juriyarsa ne a gaban azzalumin sarki, babu dodo a ciki. Malamin da ya ɓoye waɗannan bayanai, ranar da wani uba ya ji su daga bakin wani, ya rasa amanar unguwa. Wanda ya kai takardar gaban hedimasta da shugabannin ƙungiyar iyaye da malamai ya bayyana cewa manufar ita ce koyon kallo da bambance ƙirƙira da shaida, yawanci yakan sami fahimta, inda kuma aka ƙi sai ya karɓa da ladabi ya koma ga zanen da aka ambata a mataki na ƙarshe idan batun Jirjis ne ya hana, ko, idan surar mai rai ce, ga zanen bangon gidajen sarauta da zayyanar allo waɗanda babu mai rai a cikinsu.

Mataki na 3: A fara da Bayajidda, zane yana rufe

Ranar darasi zanen yana jingine a rufe da ƙyalle, yara suna zaune a tabarma, malami ya tambaye su wa ya san labarin macijiyar Daura. Su za su fara, shi kuma ya cike giɓi. Idan wani ya ce maciji ne wani ya ce macijiya, ko wani ya ce takobi wani ya ce wuƙa, kada a yanke hukunci, a ce musu haka kakanni daban-daban suka ba da shi. Daga nan ya ce su rufe ido su kalli macijiyar a zuci, ya tambayi uku ko huɗu launinta da girmanta. Amsoshin za su saɓa, kuma ana son su saɓa, domin a kansu za a gina mataki na 6. Minti 5 zuwa 7 sun isa.

Mataki na 4: Kallo cikin shiru, sannan tambaya

A yaye ƙyallen, malami ya ce: “Yara, kowa ya yi shiru ya duba da kyau, ba a magana sai na ce.” Shirun ya kai minti ɗaya cikakke. Minti ɗaya yana yi wa sabon malami tsawo ƙwarai, yakan ji kamar ba ya aikin komai sai ya karya shirun da bayani, amma a cikin wannan minti ne idon yaro ke barin dodon, wanda shi ya fara fizgarsa, ya zagaya zuwa kogo da wata da igiya. Idan aka yi magana da wuri, yaro mafi kaifin baki zai faɗi abu ɗaya sauran su bi shi.

Bayan shirun tambayoyi uku ne ke aiki, kuma sun yi daidai da tsarin da Abigail Housen da Philip Yenawine suka gina a Amurka daga ƙarshen shekarun 1980 domin koyar da kallon zane. Ta farko: “Me ke faruwa a nan?” Ta biyu, bayan yaro ya ba da amsa: “Me ka gani da ya sa ka ce haka?” Ta uku: “Me kuma ya rage ba mu gani ba?” Ta biyun ita ce gishirin darasin, domin ita ke mayar da yaro kan takarda ya nemo hujjar maganarsa. Yarinyar da ta ce matar ba ta jin tsoro sai ta nuna fuskarta da yadda ta tsaya ba ta gudu ba, yaron da ya ce dare ne sai ya nuna wata, wani kuma ya yi masa gardama da hasken da ke jikin doki. Irin wannan gardama alheri ce, kada a kashe ta.

Malami ya riƙa nuna wurin da ake magana a kai da yatsa, yana maimaita abin da yaro ya faɗa da cikakkiyar jimla ba tare da ya ce daidai ne ko kuskure ba. Yaran wannan yanki suna da kalmomin da za su ba shi mamaki idan ya bar su. Wanda ya taɓa kallon hawan salla a ƙofar fadar Kazaure ya san sulke da kwalkwali, zai ma lura cewa wannan doki ba shi da lifidi. Yaron Roni ya san dutse da kogo, kuma mai yiwuwa ya ce wannan kogon bai yi kama da na gaske ba, ya fi kama da takarda da aka lanƙwasa, wanda kuwa magana ce ta mai ido. Ɗan masu noman rani zai kira ciyawar nan fangali. Kowace irin wannan amsa ta fi sunan Uccello da shekarar 1470 daraja a wannan mataki, sunan da shekarar a ajiye su sai ƙarshe, a faɗe su sau ɗaya ba tare da an sa hadda ba.

Fangalin nan ƙofa ce ta bayyana dabarar da Uccello ya shahara da ita, wato nuna nisa da kusa a kan shimfiɗaɗɗiyar takarda ta hanyar ƙanƙanta abin da ke nesa da karkata layuka su nufi wuri ɗaya. Ba a yi wa ɗan shekara 6 bayanin wannan da baki. A fita da yara bakin makaranta a nuna musu kunyoyin gona yadda suke matsewa can nesa, ko turakun lantarki a gefen titi yadda na ƙarshe ya zama kamar tsinke, sannan a dawo a dubi ciyawar zanen.

Akwai hattara guda a nan. Wasu ƙananan yara suna tsorata da jinin da haƙoran dodon, musamman waɗanda a gida ake yi musu barazana da dodo idan sun ƙi barci. Malami ya sa ido kan wanda ya sunkuyar da kai ko ya matsa baya, ya zaunar da shi kusa da shi, ya bar shi ya taɓa takardar ya ji leda ce. Kada a yi masa dariya, kada kuma malami ya yi gurnani ko ya zaro ido don ya ƙara wa labari armashi.

Mataki na 5: A ba da labarin Jirjis, a kwance ƙullin igiya

Sai yanzu ake ba da labarin, a gajarce, da harshen da ake ba da labari a tsakar gida. Idan babu yaron da ya riga ya tayar da zancen, malami ya tambaya: “In yanzu ne ake sukan dodon, yaushe aka ɗaura masa igiya?” Amsar ita ce mai zanen ya haɗa lokuta biyu a wuri ɗaya, lokacin suka da lokacin da 'yar sarki ta ja dodon, abin da kyamara ba za ta iya ba. Babu hujjar da ta fi wannan sauƙin shiga kan yaro cewa zane shiri ne na mai zane.

Daga nan a jera labaran biyu, yara su faɗi inda suka haɗu da inda suka rabu. Macijiyar Kusugu ruwa ta hana, dodon Silene rayuka yake ci. Bayajidda da dare ya je shi kaɗai babu mai kallo, har sai da aka yi cigiyar wanda ya yi aikin. Daurama mai mulki ce da kanta, ita ke da garin da ta yi alkawarin rabawa, 'yar sarkin Silene kuwa hadaya aka kai ta. Wannan bambanci na ƙarshe ya cancanci a tsaya a kansa, musamman saboda 'yan matan aji. Kuskuren da malami zai kiyaye shi ne cewa wani labarin daga wani aka kwaikwayo shi, domin babu hujjar hakan, kuma labarin jarumi da maciji mai tsaron ruwa ko arziki yana wurare da yawa. Soninke na tsohuwar daular Gana suna da na maciji Bida, inda kashe shi ya jawo fari da watsewar ƙasa, kuma manyan yaran rukuni suna jin daɗin jin cewa akwai labarin da kisan maciji bai zama alheri ba.

Mataki na 6: A raba zane da shaida

Malami ya tuna wa yara macizan da suka gani a zuci a mataki na 3, wani baƙi wani ja, ya tambaye su wanne ne na gaskiya. Za su gane da kansu cewa kowa nasa ya ƙaga. Sai a ce musu haka Uccello ya yi, ya rayu fiye da shekara 1,000 bayan Jirjis, ya sa masa irin sulken mayaƙan Italiya na zamaninsa, dodon kuwa ya harhaɗa shi daga dabbobin da ya sani.

Wannan darasi yana da amfani kai tsaye a gida. Fuskar Sarauniya Amina ta Zazzau da yara ke gani a littattafai da kalanda duk aikin masu zane ne na zamanin nan, kuma daga cikin sanannun akwai wanda Erhabor Emokpae, mai zanen da ya yi ado a babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da ke Legas domin bikin FESTAC na 1977, ya zana a shekarun 1970. Babu wanda ya zana Amina tana raye. Hatta zamaninta masana sun saɓa a kansa, Tarihin Kano ya ambace ta a lokacin Sarkin Kano Dauda a ƙarni na 15, wasu ruwayoyin Zazzau kuma suna sa ta a ƙarni na 16 a matsayin 'yar Bakwa Turunku. Faɗin haka ga yaro bai rage wa Amina daraja ba, bai kuma rage wa Emokpae ba, domin ganuwar garuruwa da ake kira da sunanta da ambatonta a rubutun Sarkin Musulmi Muhammadu Bello suna nan a matsayin abin da ake tattaunawa a kai, zanen kuma yana nan a matsayin girmamawar da wani ɗan ƙasa ya yi mata da fenti. Yaron da ya iya tambayar wa ya zana, yaushe, kuma ya gani ko ya ji ne, zai yi irin wannan tambaya gobe idan an turo masa hoto a waya.

Mataki na 7: Yara su zana nasu Bayajidda

A mayar da ƙyalle kan zanen Uccello kafin a raba kaya, in ba haka ba za a sami fararen dawakai 12 da korayen dodanni 12. Kowane yaro ya zaɓi lokaci ɗaya daga labarin Daura: isowa gidan Ayana, zura guga, fitowar kan macijiya, ko safiyar da mutane suka taru a bakin rijiya. Wanda ya so ya haɗa lokuta biyu kamar yadda ya gani, a bar shi. Malami kada ya zana misali a allo, domin duk abin da Malam ya zana shi ne daidai a wurin yara, kuma kada ya ba da maki bisa kama da gaskiya. Abin da zai yi shi ne ya zagaya yana cewa: “Ba ni labarin abin da ke nan.” A makarantar da aka yi sharaɗin kauce wa surar mai rai, rijiya da guga da wuƙa da ganuwa da wata sun isa ɗaukar labarin.

Haɗurran wannan mataki na zahiri ne. Fentin shafa gida da kananzir ɗin wanke shi ba kayan yara ba ne, wasu irin fentin suna ɗauke da dalma, wadda ke cutar da ƙwaƙwalwar yaro. Baƙin cikin tsohon batir, wanda aka saba shafa wa allon aji, shi ma kada ya shiga hannunsu, gawayi ya wadatar. Takardar buhun siminti tana da faɗi da ƙwari, amma ƙurar da ke jikinta tana cin fata da ido, don haka kwali ya fi. Reza ta zauna a aljihun malami. Idan yara sun so kwaikwayon labarin da jiki, kada a ba su kara ko sanda a matsayin mashi, domin a tsayin idon ɗan'uwa yake tsayawa.

Gargaɗin da ya fi kowane nauyi shi ne na maciji da rijiya. An shafe rabin sa'a ana yabon wanda ya tunkari maciji a bakin rijiya, a yankin da ke da duwatsu da gonaki da rijiyoyin da ba su da murfi, inda kububuwa da kasa da gamsheƙa ke fitowa musamman da damina. Dole malami ya faɗa da baki, fiye da sau ɗaya, cewa wanda ya ga maciji ya ja da baya ya kira babba, ba a jifa, ba a zura hannu a rami ko ƙarƙashin dutse, ba a leƙa rijiya, kuma wanda maciji ya sara asibiti ake kai shi nan take. A sa yaran su maimaita wannan, domin a nan ne hadda ke da amfani.

Mataki na 8: Zane na biyu bayan mako ɗaya ko biyu

Kallo ba ya zama a darasi ɗaya, don haka a dawo da tambayoyin nan uku a kan wani zane. Wanda ya fi dacewa shi ne ɗaya daga cikin zane-zanen da Yahaya ɗan Mahmud al-Wasiɗi ya yi a shekarar 1237 a kwafin Muƙamatul Hariri da ya rubuta da hannunsa, wanda yanzu yake babban ɗakin karatu na ƙasar Faransa a Paris. Muƙama gajeren labari ne cikin ƙawataccen Larabci, Hariri mutumin Basra da ya rasu a 1122 ya tsara guda 50 a kan yawace-yawacen Abu Zaid as-Saruji, kuma littafin sananne ne a zaurukan malaman ƙasar Hausa, wanda hakan ke sauƙaƙa karɓuwarsa wurin iyaye. A kula kada kamannin suna ya sa a gaya wa yara cewa Abu Zaid ɗin nan shi ne Abu Yazid da ake cewa shi ne asalin sunan Bayajidda, domin ba su da alaƙa.

Zanen da ke tare da muƙama ta bakwai ya nuna mahaya a jere ranar ƙaramar salla, da tutoci masu rubutu, da dogayen ƙahonin busa, da mai kaɗa ganguna a kan alfadari. Idan aka daidaita darasin da makon da ya biyo bayan salla, yaran da suka kalli hawa za su kira ƙahonin nan kakaki tun malami bai buɗe baki ba, sai a tambaye su me suka gani a hawan garinsu da babu a nan, me kuma ke nan da babu a can. Daga nan su zana hawan sallar garinsu, a rubuta sunan kowane yaro da kwanan wata a bayan zanensa na Kusugu da na hawan salla, a ajiye su cikin leda nesa da gara da yoyon damina, domin a ƙarshen zango a shimfiɗa su gefe da gefe a ga wanda ya fara ƙanƙanta dokin da ke nesa.